Ruwan lagireto: kore ko ja?

Malam, ka ce Camry ɗinka ta fara ɗaukar zafi a hawan Hada idan za ka Ɗa'if daga Makka, kana tambaya ko ka zuba koren ruwan nan mai araha tunda ja ya yi tsada.

Kada ka bi launi, rini ne kawai. Abin dubawa shi ne sinadarin da ke ciki, kuma littafin motarka ya faɗi wanda ya dace. Sababbin Toyota suna amfani da Super Long Life mai ruwan hoda, wanda ya zo a haɗe rabi da rabi, ba a ƙara masa ruwa. Zubin farko yakan kai kilomita 160,000, bayan nan duk 80,000. Tsohon koren kuwa shekara biyu ya gama aiki. Idan ka gauraya su, kariyar tsatsa ta ragu, wani lokaci har ya yi kauri ya toshe lagireto.

Wasu 'yan uwa a nan suna cewa ai ba ƙanƙara a Saudiyya, ruwan famfo ya isa. Na taɓa bin wannan shawara, na sha kuɗin famfon ruwa na injin. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, kuma yana barin gishiri da tsatsa a cikin inji. In tafiya ta kama ka, zuba tataccen ruwa irin na batir, ba na wayit (tankar ruwa) ba.

Amma fa mota mai zafi a hawa kaɗai, ba lallai laifin ruwan ba ne. Kai ta Sina'iyya, unguwar masu gyaran mota, bakanike ya duba fanka, murfin lagireto da tamostat. Kada ka buɗe murfin lagireto alhali inji na da zafi, kuma ka ɓoye galan ɗin daga yara, guba ne mai zaƙi.