Kuɗin kwata da ka ga ana karɓa a Mile 12

Yaya, tun da ka koma Katsina kake maimaita mini tambaya ɗaya a waya: don me yaron nan mai littafin rasit ya shigo rumfata na miƙa masa kuɗi ba gardama, alhali jihar da ta shimfiɗa jirgin ƙasa mai lantarki ba za ta rasa kuɗin yashe kwata ba? Ka ce da a gida ne gayya za a kira, a dama kunu, kafin azahar an gama. Gaskiyarka. Amma Ikko, wato Legas, da nata hali.

Garin kwance yake tsakanin teku da tafki, unguwanni da yawa ma fadama ce aka cike da yashi. Mu nan kasuwar Mile 12 kuma ga kogin Ogun a bayanmu. Idan aka buɗe madatsar Oyan a ƙarshen damina, ko ɗigo bai sauka ba sai mutanen unguwar Agiliti da ke kusa da mu su wayi gari ruwa na ƙofar ɗaki. Dokin ƙofar da ka yi tuntuɓe da shi, har ka ce na gina katanga, bulo biyu ne na ƙara bayan daren da ruwa ya kwana ƙarƙashin buhunan albasata. Ka san albasa da laima. Kwana uku wari ya tashi, muka zazzage muna tsince ta hannu-hannu, rabi a bola ta ƙare.

Batun kuɗin gwamnati kuwa, abin da na lura da shi a shekarun da na yi nan shi ne, babban kuɗi yana bin aikin da zai iya biyan kansa. Manyan motocin bas na BRT da suka fara tashi daga nan Mile 12 zuwa tashar CMS da ke tsibirin Ikko a 2008, da layin da aka ja har Ikorodu daga baya da rancen Bankin Duniya da na Faransa, kowane fasinja sai ya ɗora katin Cowry an cire. Haka jirgin da aka buɗe a 2023 daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13, wanda kamfanin ƙasar Sin ya gina. Can Eko Atlantic, sabon birnin da ake ginawa a bakin teku, 'yan kasuwa ne suka jera duwatsu suka tare teku, suka cike bayanta da yashi, suna sayar da filin. Ko gwamnatin tarayya da ta nemi naira biliyan 10.69 a 2017 don ayyukan kare muhalli, takardun lamuni ta sayar, bashi ne da za a biya da riba. Mai ba da rance tambayarsa ɗaya, da me za ka biya ni? To kwata ba ta yankar tikiti. Manyan magudanai gwamnati ke yashewa da kuɗin haraji, amma ƙaramar da ta bi ta bakin layinmu, in muka zauna jira, ruwa ba ya jira.

Gayya kuma ba ƙin ta muka yi ba. Motocin tumatir da tattasai tun kafin asuba suke sauke kaya, mai dako in ya bar yini ɗaya ya bar abincinsa. Maƙwabtanmu Yarbawa ne da Ibo, su tsarinsu ƙungiyar unguwa da karo-karo, mu ma muka shiga. Ana sanarwa a masallaci bayan magariba, kowace rumfa ta ba da nata, a ɗauki yaranmu 'yan ci-rani su shiga da shebur da baro, galibi safiyar Alhamis da ake tsaftar kasuwa. Abin da suke fitarwa ka ga abin mamaki: ledar fiya wata, robobin lemo, har tsohuwar katifa. Tun da aka hana farar robar zuba abinci a farkon 2024 na ga ta ragu, ban ce ta ɓace ba.

Rigima ba ta ƙarewa, kada ka ɗauka lafiya lau ake. Ɗan haya ya ce mai gida ya biya, mai gida yana wani gari. Wani ya ce rumfarsa a tudu take, ruwa bai taɓa shigar masa ba, alhali sharar tasa ce ke gangarowa wajenmu. Irin wannan sai an kai gaban dattawa ake shawo kansa. Yanzu haka kuɗin kwalbatin bakin layi muke tarawa, siminti ya hau, mun tsaya a rabi.