Roƙo ko Nema? Kalmomin da Ake Shiga Sakatariya da Su

Wasiƙun wannan mako sun fito daga wurare dabam-dabam, amma kusan dukansu a ƙofa ɗaya suka yi sallama, wato ƙofar sakatariyar ƙaramar hukuma, inda mutumin ƙaramin gari yake zuwa idan yana son ganin wata takardar gwamnati. Saboda haka na tattara su wuri guda.

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni malamin firamare ne a wani ƙaramin gari. Ƙungiyar ci gaban garinmu ta ɗora mini rubuta wa ƙaramar hukuma wasiƙa, domin a nuna mana takardun kwangilar rijiyar burtsatse da aka ce an haƙa mana, alhali ko rami ba mu gani ba. Na rubuta "muna roƙon a taimaka mana da kwafin takardun", sai wani dattijo a cikinmu ya ce in soke "roƙo" in sa "nema". Ashe ba duk ɗaya ba ne?

Amsa: Ba ɗaya ba ne, malam, kuma ka gaishe mini da wannan dattijo, domin kunnensa bai lalace ba. Ana roƙon abin da ba naka ba, abin da mai shi yake da ikon ya ba ka ko ya hana ka ba tare da ya yi laifi ba. Shi ya sa muke roƙon Allah, muke roƙon gafara, manomi yake roƙon iri wurin maƙwabcinsa, kuma daga nan aka sami maroƙi, wanda in an ba shi ya yi godiya, in an hana shi ba shi da alƙalin da zai kai wa ƙara. Nema kuwa yana ɗauke da tashi da tafiya da naci, kuma bai damu da ko abin naka ne ko na wani ba: ana neman ilimi, ana neman abinci, ana neman akuyar da ta ɓata, ana neman haƙƙi. Ban taɓa jin Bahaushen da hankalinsa yake jikinsa ya ce yana roƙon gadon ubansa ba.

Tambayar ke nan ita ce, takardun kwangilar nan na wane ne? A Nijeriya doka ta riga ta amsa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ranar 28 ga Mayu 2011, ta ba kowane mutum ikon neman bayanin da ke hannun hukumar gwamnati, ta kuma faɗa a fili cewa ba dole ne mai nema ya bayyana abin da ya shafe shi da bayanin ba. An daɗe ana gardama kan ko dokar ta tsaya ga ma'aikatun tarayya ne kawai, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2025, a wata shari'a da ta taso daga Jihar Edo, cewa ta hau kan jihohi ma. Wanda doka ta ba shi irin wannan iko, in ya rubuta "muna roƙon a taimaka mana", ya mayar da haƙƙi alfarma da hannunsa, kuma alfarma, kamar yadda kowa ya sani, ana yin ta ne ga wanda aka ga dama.

Abin da yake ba ni haushi shi ne yadda wannan lafazi ya zama jiki. Ka saurari shirin rediyo na kiran waya, za ka ji mutum yana "roƙon gwamnati, don Allah don Annabi, ta dube mu da idon rahama" a kan albashin da ya yi wa aiki wata uku. Ina jin gadon zamanin En'e ne, lokacin da talaka yake tuɓe takalmi tun daga nesa, ya faɗi ya yi gaisuwa kafin ya buɗe baki gaban hakimi, kuma littafin haraji da na jangali abubuwa ne da ake rubuta sunansa a ciki, ba abubuwan da zai ce a buɗe masa ya duba ba. An sauya tsarin a 1976, aka kafa ƙananan hukumomi, yau muna da 774, amma harshen bai bi sauyin ba. Kada kuma a fahimce ni a karkace: ban ce ka yar da ladabi ba. Buɗe wasiƙarka da sallama da gaisuwa, ka ce wa shugaban ƙaramar hukuma "ranka ya daɗe", domin girmansa ne. Bayan haka sai ka rubuta "muna neman a ba mu kwafin takardun kwangila kaza, na shekara kaza, bisa tanadin dokar 2011". Ko da za ku mayar da ita Turanci daga baya, ku fara daidaita ta a Hausa, don ku san matsayin da kuka shiga da shi.

Tambaya: Malam, mene ne bambancin kundi da fayil da daftari? Na ji 'yan jarida suna cakuɗa su.

Amsa: Suna cakuɗa su ƙwarai. Kundi a asali tarin warƙoƙin malami ne, inda yake tara addu'o'i da laƙani da fa'idojin da ya tsinta wurin malamansa, ya ɗaure su a tadarishi ya sa a gafaka, kuma ba kowa yake nuna wa ba. Daga ma'anar tarin rubutu mai daraja aka sami kundin tsarin mulki da kundin digiri. Fayil baƙo ne daga Turanci, shi ne kwalin nan da ake jera takardun magana guda a ciki, na fili guda ko na ma'aikaci guda, kuma shi ne wanda ake ce maka ya ɓata. Daftari daga Larabci yake, ma'anarsa ta farko littafin lissafi ko na shigar da sunaye, amma gidajen rediyo sun ja shi zuwa ga rubutun da ba a kammala amincewa da shi ba, kamar daftarin kasafin kuɗi. Saboda haka in kasafin da aka riga aka zartar kake so, kada ka nemi daftari, domin za a iya miƙo maka wanda aka yi watsi da shi, kuma ba za ka ce an cuce ka ba.

Tambaya: Wai gaskiya ne "akawu" ba Hausa ba ce?

Amsa: Daga Yarbanci ta zo, inda take nufin mai rubutu, amma ta fi shekara ɗari a bakinmu, kuma kalmar da ta yi jam'i har ta haifi "akawuna" ta gama zama 'yar gida.

Tambaya: Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Ni ungozoma ce. Na je neman jerin magungunan da aka rubuta cewa an kawo wa ƙaramin asibitinmu, sai wani jami'i ya ce mini wannan "asirin gwamnati" ne. Asiri ne ko sirri?

Amsa: 'Yar'uwa, jami'in nan ya faɗi abin da bai yi niyyar faɗa ba. Kalmomin biyu uwarsu ɗaya, wato kalmar Larabci mai nufin abin ɓoye, sai dai ba rana ɗaya suka shigo Hausa ba. Tsofaffin kalmomin aro, waɗanda suka iso ta bakin fatake da masu wa'azi tun kafin karatu ya yaɗu, sun shigo ne da harafin nan na Larabci mai nuna sananne, wato "al", manne a gabansu, shi ya sa muke da alƙali da alƙalami da albasa, kuma a wasu ya narke har ba a gane shi, kamar a littafi da lokaci da laifi da labari. Asiri daga wannan ayari take. Sirri kuwa malamai ne suka ɗauko ta daga littafi daga baya, da siffarta ta asali. Da yake Hausa ba ta son ajiye kalmomi biyu a kan aiki ɗaya, sai ta raba musu gado. Sirri shi ne abin da aka keɓe, kuma ba lalle ya zama abin kunya ba: akwai sirrin ma'aurata, akwai sirrin sana'a, akwai ganawar sirri. Asiri ya karkata ga abin da in ya fito mai shi zai ji kunya ko ya shiga uku, shi ya sa muke addu'ar Allah ya rufa asiri, muke cewa asirin ɓarawo ya tonu, ban da ɗaya ma'anar ta sammu da boka. To wanda ya ce jerin magunguna asirin gwamnati ne, a Hausance ya shaida cewa akwai abin da ake tsoron ya tonu.

Ko da sirri ya ce, bai tsira ba. Dokar ta yarda akwai abubuwan da za a iya hanawa, kamar abin da zai cutar da tsaron ƙasa, da binciken laifi da ake cikin yi, da bayanin da ya shafi rayuwar wani mutum shi kaɗai. Da kin nemi fayil ɗin wata majinyaciya, da ni ma na goyi bayan jami'in, kuma ke da kanki kin fi ni sanin dalili. Amma adadin kwalayen magani da aka saya da kuɗin jama'a ba ya cikin wannan sahu. Har ma dokar ta ce kasancewar an buga wa takarda alamar sirri a ƙarƙashin tsohuwar dokar sirrin gwamnati ta 1962 bai isa shi kaɗai ya hana a bayar da ita ba. Kuma in za a hana, wajibi ne a hana a rubuce, a faɗi sashen dokar da aka dogara da shi.

Tambaya: Malam, wani akawu ya kare kansa da karin maganar nan, "ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba". Ta dace a nan?

Amsa: Karin maganar gaskiya ce, an dai ɗora ta a kan jakin da ba nata ba. Tana horon mutum ne ya riƙe amanar maganar da aka ba shi, ya kuma iya haɗiye abin da faɗinsa zai raba zumunci. Ma'ajiyar takardun hukuma ba cikin akawu ba ce, ajiya aka ba shi, kuma masu ajiyar ne suka zo dubawa. Da ni ne a wurin, da na mayar masa da "mai kaza a aljihu ba ya jimirin as", ko da yake ban ba ka shawarar ka faɗa masa haka ba matuƙar takardarka tana kan teburinsa.

Tambaya: Hatimi da kan sarki abu ɗaya ne?

Amsa: A'a. Kan sarki na gidan waya ne, an kira shi haka saboda hoton kan Sarkin Ingila da yake jikinsa a zamanin Turawa. Hatimi shi ne wanda ofis yake bugawa, kuma shi za ka tabbatar an buga a kwafin wasiƙarka, tare da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa, kafin ka bar wurin.

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, mahaifina bai yi boko ba, yana son ganin bayanin rabon takin zamani na mazaɓarsu. Sau huɗu yana zuwa ana ce masa ya dawo gobe, shi kuma yana ta cewa "mahaƙurci mawadaci". Ni kuwa na gaji. Wane ne da gaskiya tsakaninmu?

Amsa: Ba zan shiga tsakanin ɗa da uba ba, amma zan yi magana a kan "gobe". A Hausa gobe rana ce sananniya, tana da jibi da gata da citta a bayanta, harshen da ya ƙirga kwanaki har haka ba harshen da bai san wa'adi ba ne. Goben ofis ce kaɗai ba ta wayewa. Haƙurin da karin maganar take yabo shi ne haƙuri a kan abin da yake da lokacinsa, kamar damina ko nunar hatsi, kuma a nan ma akwai lokaci: doka ta ba hukuma kwana 7 daga ranar da ta karɓi buƙata, tana iya ƙara wasu da ba su wuce 7 ba in takardun suna da yawa, amma sai ta sanar. In wa'adin ya cika shiru, ana ɗaukar shirun a matsayin hanawa, kuma mai nema yana da kwana 30 ya kai maganar kotu. Inda aka tabbatar an hana ba bisa ƙa'ida ba akwai tarar naira 500,000, wanda kuma ya lalata takarda ko ya sauya abin da ke cikinta da gangan, hukuncinsa ɗaurin aƙalla shekara ɗaya ne.

Matsalar Baba ita ce har yanzu kwanakin ba su fara ƙirguwa a inda za a iya nunawa ba, tunda da baki yake zuwa, ba shi da shaida a hannu. Dokar ta yi tanadin irinsa: wanda ba ya iya rubutu yana iya nema ta hannun wani, kuma jami'in da aka kawo wa buƙata da baki wajibinsa ne ya rubuta ta, ya ba mai ita kwafi. Kuɗin da za a karɓa bai wuce na buga kwafin takardun ba, duk abin da ya ɗara haka sunansa na goro, ko a wace Hausa aka faɗe shi. Ka rubuta masa wasiƙar, ka raka shi, amma ka bar shi ya miƙa da hannunsa, domin shi aka sani a garin.

Tambaya: Mene ne jam'in magatakarda?

Amsa: Magatakardu. Masu cewa "magatakardodi" su ji tsoron Allah.