Kwanon baƙo

Uwata, saƙonki ya iso ni bayan la'asar. Da na fara karantawa dariya na yi har jikata ta leƙo ta ga ko lafiya, amma kafin in kai ƙarshe jikina ya yi sanyi. Kin ce an yi sababbin 'yan haya a gidan da ke jikin naku a Tumfure, uwar mijinki ta ce ki kai musu abinci kwana uku, ke kuma kina tambaya ko dole ne, tunda ba ki san su ba, ba ki ma san ko suna cin irin cimarmu ba. Kika ƙara da cewa in faɗa miki tsakani da Allah, wannan cika da baƙi suka yi a Gombe ƙaruwa ce ko wahala, ga haya ta yi tsada, ga yare iri-iri a kasuwa. Ke da kika ci sunan mahaifiyata Dada, ke ce mai tambayar ko a kai wa baƙo tuwo? Allah ya ji ƙanta, da tana raye da ta riƙe haɓa.

To wai su wane ne 'yan garin? Modibbo Buba Yero a Gombe Abba ya kafa garinsa, can wajen Dukku. Turawa suka mai da mazauni Nafada, sai a 1919 aka taso aka dawo nan Doma. Akwai kukokin da suka girmi garin nan nesa ba kusa ba. Kakanmu da jakuna ya zo daga ƙasar Kano yana fataucin baƙin zane, wani dattijo cikin Terawa ya ba shi zaure ya kwana, kwanan da ya zama zama ke nan. Baba yakan ce, a garin nan duk wanda ka gani da tabarmarsa ya zo, wani ne kawai ya riga wani shimfiɗawa.

An buɗe gidan gurzar auduga a 1956, jirgin ƙasa ya iso a 1963, sai gari ya tumbatsa. Ina da shekara goma sha ɗaya a lokacin. Cikin hunturun shekarar wani ma'aikacin reluwe ɗan ƙabilar Ibo ya kama ɗakuna biyu a bayan gidanmu, shi da matarsa mai tsohon ciki. Da magariba ta kawo jiki Dada ta kwashe tuwon dawa, ta zaɓi malmala uku masu kyau, ta zuba miyar kuka da ta sha daddawa da man shanu a wani kwano sabo daga cikin jerenta, wanda mu ko taɓa shi ba ma yi. Ta rufe da faifai ta ɗora mini a ka. Na ce, Dada, ai ba ta jin Hausa, me zan ce mata? Ta ce, ki yi sallama ki durƙusa ki ajiye, kwanon zai yi sauran maganar.

Har gobe ina ganin ɗakin nan. Babu komai a ciki sai akwatin ƙarfe, da fitilar ƙwai, da wani abu a lulluɓe da zane a lungu. Matar tana zaune a kan akwatin ta ƙudundune da mayafi biyu, leɓɓanta duk sun tsage, diddigenta ya yi kaushi har yana jini, don ba ta taɓa ganin iskar hunturu irin tamu ba. Na yi sallama, ta dube ni a tsorace. Na ajiye na buɗe faifan. Ta daɗe tana kallon miyar, ta sa yatsa ta ɗaga ta ga tana yauƙi, ta kai baki. Sai na ga fuskarta ta saki, ta faɗi wata magana da yarensu tana nuna miyar tana nuna ƙirjinta. Daga baya ne na gane cewa take su ma suna da miya mai yauƙi a garinsu. Ta ci malmala ɗaya ina tsugune, hawaye na zuba, ba ta ko share ba. Na koma na faɗa wa Dada, na ce ƙafarta ma jini take. Dada ba ta ce komai ba, ta ɗebo man kaɗanya a ɗan gwangwani ta ce in koma.

Washegari kwanonmu ya dawo a wanke tas, amma ba haka nan ya dawo ba. An cika shi da garin rogo, ga kuma 'yar kwalbar manja. Mu a gidanmu ba mu saba da shi ba. Dada ta ɗora tukunya za ta yi masa talge kamar na dawa, sai ga matar ta shigo da sallamar da ta koya a bakina jiya, ta ga abin da ake shirin yi, ta kama hannun Dada tana girgiza kai. Ta juye tafasasshen ruwa a kwano, ta barbaɗa garin, ta tuƙa, nan take ga teba. Matan gida suka kewaye ta ana ta salati, wai tuwon da ba ya buƙatar surfe, ba ya buƙatar niƙa. Ranar Dada ta yi dariya har da ƙwalla.

Bayan sati uku ta haihu, ba uwa ba dangi. Dada ce ta yi mata wankan jego safe da yamma da ganyen darbejiya har ta yi arba'in, ta dama mata kunun kanwa. Yanzu likitoci sun ce a rage zafin ruwan, a rage kanwar, kuma na yarda da su, amma a lokacin iyakar gatan da muka sani ke nan, shi aka yi mata. Darbejiyar ma da kike ganin kamar da ita aka halicci ƙasar nan, daga Indiya asalinta yake, zamanin Turawa aka kawo ta. Goron da aka raba ranar ɗaurin aurenki, a gonar wa ya fito a Gombe? Daga kurmi ake kawo shi tun kaka da kakanni.

Shekara uku muna haka, ɗanta a bayana ya girma. Sai 1966 ta zo, shekarar da ake kira Araba, da aka far wa Ibo a garuruwan Arewa. Ba na son tuna abin da idona ya gani a titi. Da dare suka ƙwanƙwasa mana ƙofar baya su uku. Gidanmu gidan kulle ne, namijin da ba muharrami ba bai taɓa wuce zaure ba, amma Baba da kansa ya kama hannun mutumin nan ya kai shi har ƙuryar ɗakin Dada. Ya fito ya shimfiɗa buzunsa a bakin zaure da carbinsa. Da samari suka zo ya ce musu matan aure ne a ciki, mai son shiga sai ya taka shi tukun. Cikinsu har da waɗanda suka yi karatun allo a gabansa, suka sunkuyar da kai suka wuce. Kwana huɗu suka yi kafin a samu hanyar fitar da su. Abin nan da na gani a lulluɓe ranar farko keken ɗinki ne, shi ta bar wa Dada ajiya.

Yaƙin basasa ya ƙare a Janairun 1970. Bayan shekara guda ta dawo ita da yaron, mijin bai tsira ba. Dada ta jawo keken daga ƙarƙashin gado, a naɗe cikin buhu, duk wata sai ta sa masa mai. A kan keken nan matar ta koya mini ɗinki ina amarya. Da Allah ya karɓi ran maigidana, da ɗinki na ciyar da 'ya'ya shida, kuma rigar makarantar farko da babanki ya sa ni na ɗinka ta. Sai ki lissafa da kanki nawa malmala uku ta jawo.

Ba zan ce miki duk baƙo alheri ne ba. Ina garin nan a watan Afrilun 1985 da mabiya Maitatsine suka tayar da fitina a Pantami, aka rasa rayuka da yawa. Shi mutumin daga Marwa ta Kamaru ya fito, amma yawancin waɗanda suka bi shi 'ya'yan ƙasar nan ne. Abin da Baba yake tsoro shi ne mutumin da ba wanda ya san inda yake kwana. A da baƙo ba ya kwana biyu a unguwa mai unguwa bai sani ba, kuma yana da mai masaukin da zai tsaya masa. Yaran da ake aika da kwano su ne idon unguwa, kafin kwana uku an san ko mutum nawa ne a ɗakin, wa ke ciwo, wa ba shi da bargo, wa kuma take-takensa ba su yi ba. Yanzu kun ja katanga ta fi tsayin raƙumi, kun sa waya a kai, dillali ya karɓi kuɗin haya ya ba da makulli, shi ke nan. Kina gaisawa da mutanen Ingila a waya, ba ki san sunan matar da kuke jin tarin juna ta bango ba. Wannan laifinmu ne mu ma, da muka daina aiken yara don kada a ce mun takura musu.

Maganar haya gaskiyarki ce, ta yi tsada, tun da aka ba mu jiha a 1996 take hawa, ta ƙara da mutanen Borno da Yobe da Adamawa suka kwararo wajen 2014. Amma waɗannan ba yawon buɗe ido suka zo ba, wuta ce ta koro su, kuma akasarinsu a gidajen mutane suka sauka. Humra da turaren wutan da kika cika lefenki da su har kina yi mini kuri, hannun wa ya haɗa? Kuma ki kiyaye bakinki a kasuwa, kada ki ji Tangale ko Waja ko Tula suna yarensu ki ce baƙi, ƙasarsu ce tun kakanmu bai ɗaura wa jaki mangala ba.

Ba ki ma faɗa mini daga ina maƙwabtan naki suka zo ba, alamar ba ki tambaya ba. In ba ki san cimarsu ba, ki yi shinkafa da miya, babu mai ƙin ta, ki rage yaji saboda yara. Kada ki zuba a roba, ki ɗauko kular nan mai kyau ta cikin kayan ɗakinki. Ranar farko ki je da ƙafarki, kada ki aiki almajiri. In kwanon ya dawo da wani abu a ciki wanda ba ki san yadda ake dafa shi ba, kada ki zubar, ki je ki tambaye ta. Ki gaishe mini da uwar mijinki da kyau, ki ce ina nan zuwa bayan salla in ƙafar nan ta bar ni.