Amsoshin tambayoyinku kan rogo, daga gona zuwa tukunya

Wani manomi mai fili a bayan Kumbotso ya tambaya ko rogo zai yi masa albarka, tunda ya ji ana cewa amfanin gonar Kudu ne.

Zai yi, Malam, musamman idan filin naka jigawa ne. Gaskiya ne yawancin rogon da ya sa Najeriya ta fi kowace ƙasa a duniya nomansa daga Kudu da jihohin tsakiya yake fitowa, amma matsalarmu a Kano ta lokaci ce. Daminarmu wata huɗu ce, Yuni zuwa Satumba, shi kuwa rogo yana son wata 9 zuwa 12 kafin a tona. Idan ya samu wata ukun farko cikin ruwa, saiwarsa ta kama, zai jure rani: ya kakkaɓe ganye ya jira. Saboda haka ka dasa da zarar ruwa ya zauna. Masu bari sai sun gama da gero da gyada a Agusta su ne ke dawowa suna cewa rogo ba ya yi.

Ka yanko kara daga tsakiyar itacen da ya ƙosa, tsawon santimita 20 zuwa 25, mai ido biyar zuwa bakwai. Ka soka shi a kishingiɗe bisa kunya, kashi biyu cikin uku a ƙasa, idanun na kallon sama. Tazarar mita ɗaya ta kowane gefe za ta ba ka tushe 10,000 a hekta. Kada ka ɗebi kara daga gonar da ganyenta ya murɗe ya yi dabbare-dabbaren rawaya, cutar a cikin karan take. Irin TME 419 ya karɓu wajen manoma da yawa, akwai kuma mai rawaya mai bitamin A da aka fitar a 2011; malaman gona na KNARDA, hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta jihar Kano, za su nuna maka inda ake samu.

Sai shinge. In ba za ka iya killace gonar ba, ni shawarata ka haƙura da rogo. Da an gama girbi aka saki awaki da shanu, gonarka ce kaɗai kore a yankin.

Wata uwargida daga Gwale ta ce ta sayo rogo ta dafa ya fito da ɗaci, ko ƙara dahuwa zai gyara shi?

Hajiya, kada ki ba yara. Ɗacin nan alamar guba ce, sayanayid, kuma dahuwa kaɗai ba ta raba mai ɗaci da ita. A ido duk fari ne tas, kallon kitse ake masa. Mai zaƙi shi ne na dafawa a ci da ƙuli-ƙuli da yaji ko a yi kwaɗo, shi ma a feraye shi ya dahu sosai a zubar da ruwan. Mai ɗaci sai an feraye, an jiƙa kwana uku zuwa biyar, an shanya ya bushe ƙayau, sannan a niƙa ya zama alabo na tuwo ko ɗanwake. Garin kwaki ma da gurzawa da matsewa da suya ake kore gubarsa. Ruwan jiƙon kada dabba ta sha.

Ki kuma riƙa haɗa shi da wake ko gyada, don rogo kusan sitaci ne zalla, ba ya gina jikin yaro shi kaɗai.

Wani kuma ya tambaya ko ya tone gonarsa gaba ɗaya ya kai kasuwa.

A'a, sai in ka riga ka samu mai saye. Kwana biyu zuwa uku da tonowa yake fara baƙi a ciki. Ka tona gwargwadon cinikin ranar, sauran ka bar shi a ƙasa. In ƙasar ta yi tauri, ka zuba ruwa a gindin da yamma, da safe ka tona, ba zai kakkarye ba.