Amsa: me ya sa ake tono adon ƙotar takobi ba tare da ruwansa ba?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa a taskar Staffordshire, da aka gano a wata gona kusa da Lichfield a Ingila a 2009, aka sami hulunan ƙota (adon da ke rufe ƙarshen ƙotar takobi) sama da 70 amma babu ruwan takobi ko ɗaya. Ba tsatsa ce ta cinye su ba. Ɓamɓare adon aka yi da gangan kafin a binne, a ƙarni na 7, zamanin masarautar Mercia da ke mulkin yankin a lokacin. Dubi ramukan ƙusa: wasu sun yage, zinariyar ta lanƙwashe a inda aka banƙare ta.

Aikin kansa abin kallo ne. Maƙeri yana tsayar da siraran bangaye na zinariya su zama ƙananan ɗakuna, ya shimfiɗa fallen zinariya mai zanen raga a ƙasan kowanne, sannan ya ɗora yankakken jan dutsen ganet. Fallen nan shi ke mayar da haske, dutsen ya yi ta walƙiya.

Bayan an tono kayan, wajen goge musu ƙasa ma ana iya yin ɓarna. Tsinken ƙarfe yana karce zinariya, shi ya sa masu gyaran kayan suka yi amfani da ƙaya, a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Kada a kankare ƙasar da ke cikin hular, domin a nan ake samun ragowar ƙaho ko itacen ƙotar.