Ina ya fi dacewa a kafa eriyar oba-oba a mota?

Malam, ka tambaya ko a gefen but za ka kafa eriyar ko a saman rufi. Tsakiyar rufin ta fi, nesa ba kusa ba. Ƙarfen da ke kewaye da gindin eriya shi ne rabin aikinta. In ta koma gefe, sigina sai ta karkata ɓangare guda. Eriya mai maganaɗisu a gindi tana yi, amma yashi na shiga ƙarƙashinta ya ci fenti. Ni dai na fi son a huda rufin, a kankare fentin ciki ƙarfe ya taɓa ƙarfe, a toshe da roba saboda ruwan sama. Wayar da ke haɗa eriya da rediyo ta zama mai ohm 50 (ma'aunin irin wayar ke nan), kada ƙofa ta matse ta. Kafin ka fara amfani da rediyon, auna SWR, wato ma'aunin da ke nuna yawan siginar da ke komowa cikin rediyo maimakon ta fita ta eriya. In ya haura 2, daidaita tsawon eriyar, don yana iya lalata rediyon.