Jinkar gidan ƙyalle da jan yadin da ya cinye ni

Ka tambaye ni me ya sa tsinin jinkar gidanka, wato hoton gidan da kake haɗawa da gutsattsarin ƙyalle don mayafin gado, yake ɓacewa duk lokacin da ka haɗa shi da na kusa da shi, kuma ko dole ne sai an wanke ƙyallen kafin a yanka. Ta farkon tambayar yara ce. Ta biyun ita ce ta sa na ajiye almakashi, domin ta sosa min inda yake min ƙaiƙayi fiye da shekara goma.

Bari in sallame ka da ta farko. Gida mai inci 8 kake so, to ka yanka jinka 8½ da 4½, sai murabba'i biyu na sararin sama, 4½ kowanne. Ɗora murabba'i ɗaya a gefen jinkar fuska da fuska, ja layin alli daga kusurwa zuwa kusurwa, bi layin da keke, datse ka bar kwatan inci, buɗe ka danne. Sannan na biyun. Inda suka haɗu a sama za ka ga kwatan inci ya rage bisa tsinin. Wannan shi ne abincin ɗinki na gaba, kai kuma kana ganinsa kamar kuskure kana aske shi. Bango biyu 3½ da 4½, ƙofa a tsakiya 2½ da 4½. Yadda ake haɗa su ba zan ɓata bakina ba, wata takwas kana shagon nan. Abu ɗaya dai: yankan karkace yana miƙewa, don haka a ɗora dutsen guga a ɗaga, ba a ja shi kamar ana guge shaddar Juma'a.

Yanzu zancen wanki.

Ƙarshen 2011 wata mata ta zo nan Agege, Legas, da mota, ta ce masaukin baƙi za ta buɗe a Lekki, tana son mayafin gado goma sha biyu, duka da gidaje. Kowanne gida tamanin, jere goma, takwas-takwas. Lissafa da kanka, gida 960. Bango da ƙofofi daga ragowar atamfar da nake tarawa a buhu, sararin sama farin yadi, jinka kuwa ta ce ja take so, kuma ita za ta kawo. Ta kawo bandir biyu daga kasuwar Balogun. Na taɓa na ji kauri irin na sitaci, na ce Hajiya, wannan yana zuba? Ta rantse ta ce ta sa an jiƙa an gwada. Na yarda da ita. Maigidan da ya koya min ɗinki a Fagge ko uwarsa ce ta kawo jan yadi sai ya tsoma gutsure a ruwan ɗumi da sabulu ya matse cikin farin ƙyalle. Ni na ga kafin alƙalami mai tsoka, na ga Kirsimeti ya matso aiki ya yi min yawa, na tsallake.

Muna tsakiyar aiki aka shiga Janairun 2012, aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141. Gari ya tsaya, masu zanga-zanga sun cika Ojota, wuta babu. Na kashe janareta, muka koma keken ƙafa da dutsen gawayi, ni da yara uku. Mako bakwai muna kai. Kowane tsini sai da na duba da idona, wanda ya kauce na farke shi. Auduga da shafi da zare duk daga aljihuna, a kan cewa za ta cika min in na kai kaya.

Na kai, ta yaba, ta ce in dawo Litinin. Ranar Litinin ta shimfiɗa min guda ɗaya da ta ba mai wanki. Jan ya sauka cikin farin, sama ta koma kamar an yanka rago a kai. Ta ce na lalata mata kaya. Na ce Hajiya, yadinki ne, ke kika ce an gwada. Ta ce tela ne ya kamata ya sani. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne a wannan kalmar kaɗai tana da gaskiya. Amma sauran sha ɗayan fa? Ba ta dawo da su ba, ba ta biya ba. Sau biyar ina tsallaka gadar Third Mainland, maigadi yana ce min ta yi tafiya, ni kuwa ta taga ina hango gidajena shimfiɗe a kan gadajenta. Dattawan Zango suka ce in bar wa Allah, tunda babu takarda babu shaida. Keken Butterfly ɗina na biyu na sayar na biya yaran haƙƙinsu.

Ku yaran yanzu kun ga abu a waya minti ɗaya an gama, kun ɗauka haka aikin yake. Ba wanda zai nuna muku bokiti. Ja, baƙi, shuɗi mai duhu, duk a jiƙa su dabam-dabam har ruwan ya fita fes, a shanya, a goge, sannan a yanka. Auduga ma tana tsukewa a wankin farko, kuma ba kowace iri ɗaya ba, sai ka ga bango ya ja ƙofa ta karkace. Mai kaya ya ce ya wanke, ka ce to, ka sake wankewa a gabansa.

Tashi ka ɗebo ruwa. Jan ƙyallen da ka yanka jiya ban ga ka jiƙa shi ba, farke su duka.